Sarkin Manoma da Rawanin Yayana

Ban yafe wa mazan garinmu ba, kuma ban yafe wa kaina ba. Sun tuɓe yayana daga sarautar gari don ya hana a shigo da dutsen zinari cikin gidaje. Mu kuma da muka binne 'ya'ya saboda wannan dutsen muna tsakar gida muna tankaɗe, babu wadda ta ɗaga murya. Malamar da ta koya mini rubutu a ajin manya na Anka, bayan na haura arba'in, ta ce in rubuta abin da ya fi ci mini rai. To ga shi.

Huɗu na haifa, uku suna ƙasa. Garinmu ƙauye ne a hanyar da ta bar Anka ta nufi Bukkuyum, kuma gero da dawa muka sani har zinari ya bayyana a daji. Maza suka riƙa kawo dutsen gida a buhu. Mu mata muke farfasa shi, mu daka a turmin da muke surfe, mu ɗauraye turmin sau ɗaya mu zuba gero. Injin da ke niƙa mana tsaki da safe shi ke niƙa dutse da rana. Garin dutsen fari ne, laushinsa kamar na alkama, yana kwanciya a kan tabarma, a bakin randa, a tafin yaro mai rarrafe. Ba mu san akwai dalma a ciki ba. Yara suka fara jijjiga, idonsu ya kafe, su tafi. Aka ce iska ce, aka ce shawara ce. Na shayar da nawa rubutu har cikinsu ya kumbura. A damina ɗaya na rufe uku.

Ta huɗun ɗiya ce, tana da shekara biyu lokacin da likitoci suka zo da mota suka kwashe mu zuwa Anka. Mun yi makonni a can, ni da matan Tungar Daji da na Duza da na wasu garuruwan, kowace da ɗanta a cinya, ana ba su maganin da ke wanke gubar daga jini.

Likitar da ke duba ɗiyata Baturiya ce mai furfura, ba ta jin Hausa sai sannu da yauwa. Wata nas 'yar Filato, Kirista, wadda kowa ke kira Sista, ita ke juya mana magana. A bangon ɗakin da ake ɗiban jini likitar ta manna wani hoto: dogon gini na dutse a kan tsauni, samansa a rushe, itatuwa kewaye da shi. Shi nake kallo idan za a soka wa yarinyar allura, don ba na iya kallon hannunta.

Ran nan na ce, “Sista, rumbun wane ne wancan aka bari babu jinka?”

Sista ta juya mata. Likita ta yi dariya har ta ajiye audugar da ke hannunta. Ta ce ba rumbu ba ne, kurkuku ne, kusa da garin kakarta a ƙasar Cek, can Turai, kuma an taɓa ajiye wani sarkinsu a ciki, shekaru ɗari takwas da wani abu da suka wuce.

Na ce, “Sarki a kurkuku? Mi ya sata?”

Daga ranar, duk ɗiban jini sai likita ta ba ni guntun labarinsa ta bakin Sista. Ina jin ta lura cewa in ina saurare na fi riƙe yarinyar da kyau.

Ga yadda na ji shi. Ba babban sarki ba ne, akwai wani sarkin sarakuna a ƙasar Jamus da ke sama da shi, mai naɗawa da tuɓewa. Ubansa ya yi sarauta, amma da uban ya rasu sai manyan ƙasa suka tsallake ɗan suka ba ɗan baffansa. Ɗan baffan ya kama shi ya kulle a wannan ginin, shi kuma ya samu ya gudu. Bayan shekaru ya dawo da mutanensa ya kama wani gari. Sai ɗan baffan ya aika masa: zo mu yi sulhu, jini ɗaya muke, zan yanka maka yankinka, babu mai taɓa ka. Ya yarda. Ya taho da ƙafarsa har fada. Suka sa masa sarƙa suka mayar da shi kan tsaunin. Shekara goma sha biyu.

Na ce, “Sista, ki tambaye ta, ba shi da ƙanwa ne? Ba wadda ta ce mishi kada ka tahi?”

Likita ta ɗaga kafaɗa. Sista ta ce, “Ta ce ba ta sani ba, Mama.”

Da babban sarkin Jamus ya ɓata da ɗan baffan, ya sa aka fito da na kurkukun, sarautar ta dawo hannunsa. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana kallon bango ya fito ba ya yarda da kowane mai babbar riga. In talaka ya kawo ƙarar mai ƙasa, talakan yake saurare. Ya hana manya ƙwace abin manoma. In za shi yaƙi, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ga talakawa a bayansa, wasu a doki wasu a ƙasa. Manyan suka sa masa suna, suna kiransa sarkin manoma. Na ce ai a wurinmu wannan girma ne. Likita ta ce a bakinsu zagi ne.

Ba waliyyi ba ne, ta faɗa mini wannan ma. Ya tsallaka iyaka ya ƙone garuruwan wasu, manoman can ma mutane ne. Sarautarsa ba ta wuce shekara biyar ba. Ɗan wancan ɗan baffan ya je ya yi wa babban sarkin alkawarin dukiya, aka ba shi ƙasar. Sarkin manoma ya yi yaƙi, ya ci ɗaya, aka ci shi a na biyu, ya gudu. A ƙasar wasu ya mutu, bai bar ɗa ba.

A ɗiban jini na ƙarshe na ce, “To manoman fa? Bayan ya tahi, mi anka yi musu?”

Likita ta daɗe tana goge hannun ɗiyata. Sista ta ce, “Ta ce littafin bai faɗa ba.”

Muka koma gida. Yarinyar ta rayu, sai dai ƙafarta ta hagu tana ja, maganarta kuma tana zuwa a makare, kamar mai ɗauko ta daga rijiya. Kafin mu dawo an kankare ƙasar gidajenmu da shebur, tsakar gida da ɗakuna, an kwashe an kai rami an binne, an kawo sabuwar ƙasa ja an shimfiɗa. Turmina na da an tafi da shi. Na sa aka sassaƙa mini sabo.

Yayana shi ne mai gari, ya gaji babanmu. Manomi ne, bai taɓa shiga ramin zinari ba, kuma shi ma ya rufe biyu. Ya tara maza a gindin tsamiyar masallaci ya kafa doka: dutse ba ya ƙetare kwalbatin bakin gari. A niƙa a can sansanin bayan gari, a wanke a can, buhu ya kwana a can. Mai aikin dutse ya yi wanka ya sauya riga kafin ya shigo gidansa. Lokacin kaburbura suna ɗanye, kowa ya ce ya ji ya yarda. Damina huɗu aka yi a haka. Ba a ƙara jin kukan jijjiga ba. Yara suka riƙa yin yaye suna gudu.

Sai ɓarayin daji suka gano sansanin. Su zo a babura da rana tsaka, su kwashe buhunan da mutum ya yi wata biyu yana haƙa. Sau uku suna zuwa. A na ukun suka harbe wani baƙo ɗan Katsina da ya rungume buhunsa.

Ɗan baffanmu shi ke da inji biyu a sansanin, kuma shi dillalai ke sauka wurinsa. Shi ya fara kawo maganar: a bar buhu ya kwana a gida. Kwana kawai. Ba za a kwance ba, ba za a daka ba, da safe a mayar. Yayana ya ce buhu ba tulu ba ne, yana numfashi, ko ka ɗaure bakinsa ƙura na fita ta jikinsa. Ya ce buhun da ya kwana a gida sau uku, a na huɗu mace za a ce ta ɗan farfasa kafin a dawo daga masallaci. Ya ce a haƙa rami a ɓoye a daji, a raba wurin ajiya, a yi komai, ban da gida. Suka ce shi da ba ya haƙa mi ya sani. Suka fara kiransa mai garin gero. Yara ma suka ɗauka, suna rerawa a bayan zaurensa.

Ranar da na ji wannan sunan, sarkin manoma ya faɗo mini a rai. Na tuna ginin nan marar jinka.

Ba a yi sati biyu ba ɗan baffan ya zo zauren yayana da ƙwaryar goro, ya durƙusa. Ya ce uban ƙasa ya kira su zaman sulhu ranar Laraba, a ji ta kowa, a fito da hanyar da ba za ta cuci yara ba. Ya rantse ba za a taɓa rawani ba. Matar yayana ta aiko aka gaya mini. Na bar tuwo a wuta na tafi.

Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Na ce, “Yaya, kada ka tahi.”

“Autar Inna, ko sallama babu?”

“Salamu alaikum. Kada ka tahi. In sulhu suka so, su zo nan gindin tsamiya, gaban mutanen da sunka rufe ɗiyansu. Can ba ka da kowa.”

“Ya rantse.”

“Wancan ma ya rantse.”

“Wane wancan?”

Sai na kwashe labarin na gaya masa, a tsaye, ina haki, da tsaunin da sarƙar da shekara goma sha biyun. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye fartanyar, ya yi dariya irin wadda ban ji ya yi ba tun rasuwar yaransa.

“Wato ke asibiti anka kai ki ko makarantar tarihi? Bature ya ci amanar Bature tun kahin a haihi kakan kakanmu, shi ne ni zan ƙi kiran uban ƙasa?”

“Ɗan baffa ɗan baffa ne, ko ina yake.”

“In na ƙi zuwa, sun samu abin da suka nema, su ce na raina na gaba. In na je, aƙalla na hwaɗi tawa.” Ya ɗauki fartanyar. “Tuwonki na ƙonewa, har nan nike jin ƙauri.”

Gaskiya ya faɗa, kuma na sani. Ko ya je ko bai je ba, an riga an gama. Amma na so a ce a gabanmu za a yi.

Ya tafi Laraba da rawani a bayan babur. Ya dawo da la'asar da hula. An ce ya tsufa, an ce ya hana talakawa neman abinci, an ce ya huta. Ɗan baffan aka ba riƙo. Bayan kwana tara yayana ya ɗaure kayansa ya tafi Gummi wurin surukansa da iyalinsa, don ya ce ba zai zauna ya ga buhu na wuce kwalbati ba.

Ga abin da ke hana ni barci har yau. Ranar da ya dawo da hula, duk matan garin sun sani kafin magariba. Mun fi maza yawa. Babu gidan da ba a fitar da ƙaramar gawa ba. Da mun fito mun zauna a ƙofar ɗan baffan, mu kawai, da goyonmu, ba mu ce komai ba, da an ji har Anka. Ba mu fito ba. Kowace ta ce mijinta na cikin masu haƙa, kowace ta ce maganar sarauta ta maza ce. Ni da na yi ta baki a gaban yayana, na koma gida na kankare ƙanzon tuwo. Manoman wancan sarkin aƙalla sun bi shi da ƙafa har filin yaƙi. Mu ko rakiya zuwa bakin hanya ba mu yi wa namu ba, sai leƙe ta kan katanga.

Buhuna suka fara shigowa. Da farko a ɓoye, a lulluɓe da kara a kan amalanke. Daga baya a fili. Wata uku ba a yi ba na fara jin wannan ƙarar daga maƙwabta, ƙarar da na sani, ta taɓarya a kan dutse. Ba ta kama da ta surfe. Ta fi kaifi, tana shiga haƙori.

Na hana ɗiyata fita. Tana da shekara shida a lokacin. Na riƙa wanke mata hannu sau goma a yini, ina rufe randa da faifai biyu, ina yayyafa ruwa kafin shara. Na ce in dai gidana ne, ƙasar nan ja za ta zauna ja.

Mijina yana haƙa. Ba mugu ba ne, kuma ba zan rubuta shi mugu ba don in ji daɗi. Shi ya ɗauki ukun nan a hannunsa zuwa maƙabarta. Sau biyu ɓarayi na kwashe masa aikinsa, gonarmu ta daji kuma ba ta nomuwa saboda su. Rumbunmu a lokacin in ka leƙa ƙasansa kake gani.

Wata Alhamis bayan la'asar na ji ƙarar baro a zaure. Ya turo shi har tsakar gida, buhu uku, ya sauke a ƙarƙashin rumfar da yarinyar ke wuni. Da kowane ya faɗi sai farar ƙura ta tashi daga jikinsa ta kwanta a kan jar ƙasar.

Na ce, “Malam, mi ne wanga?”

“Kin gani.”

“Fitar da su.”

“Kwana ɗaya ne. Gobe dillali na zuwa.”

“Haka anka ce gidan maƙwabta. Ka ji abin da suka daka yanzu? Gero ne?”

“Ke, kowa ya kai nashi gida. Ni kaɗai zan bar nawa a daji? Mai gari da kanshi ya ce ƙasa ce, in ba a kwance ba babu komi.”

“Mai gari na Gummi.”

Ya zauna a bakin turmi ya cire hula ya riƙe kansa. Ya ce, “To gaya mini ina zan kai su. Wallahi ki gaya mini wuri, in kai. In an ɗauke wanga, mi za ta ci? Ita ɗin da kike karewa, mi za ta ci?”

Na tsaya da ludayi a hannu ina neman wuri ɗaya a duniya da zan ce masa, ban samu ba. Inna ta rasu. Yayana na cin tuwon surukai. Ɗan baffa ne gari. Likitar nan ta daɗe da komawa ƙasarsu.

Muna cikin haka ban lura yarinyar ta jawo ƙafarta ta iso rumfar ba. Na juya na gan ta ta dafa buhun da hannu biyu tana bubbugawa, tana dariya don ƙurar na tashi. Ta ɗaga tafinta fari fat ta nuna mini. Ta ce, a hankali, irin maganarta, “Inna, gari.” Ta kai yatsa baki.

Ban san lokacin da na fizge ta ba. Na wanke hannun da sabulu har ta yi kuka, na sa yatsa na goge mata harshe, na wanke, na sake wankewa. Mijina ya tashi ya fita. Na shigar da ita ɗaki na rufe ƙofa na toshe ƙasan ƙofar da tsumma jiƙaƙƙe.

Abin da ya riƙa dawo mini ba sarkin ba ne. Shi an san inda aka kulle shi, har hoton wurin ya zo Anka. Maganar Sista ce: littafin bai faɗa ba. Wata mata a waccan ƙasar ta wayi gari an kori wanda ke tsaya mata, mai ƙasa ya dawo, ta yi abin da za ta yi ko ba ta yi ba, babu wanda ya sani. Na ga yadda namu zai kasance. Za a ce an yi wani mai gari da ya hana dutse, aka tuɓe shi, ya mutu a Gummi. Ɗiyata ba za ta shiga ko cikin wannan ba. Za a ce Allah ya yi mata cikawa, a ba ni haƙuri, a kawo mini kunu, kamar sau ukun farko.

Da asuba mijina ya tafi masallaci. Na ɗaure hanci da ɗankwali, na jiƙa buhunan da ruwa don kada su yi ƙura, na mirgina su ɗaya bayan ɗaya na ɗora a baro. Nauyinsu ya kusa tsinka mini baya. Na wanke hannuna da ƙafafuna, na sauya zane, na goya yarinyar duk da girmanta, na lulluɓe mata kai, na ɗaura ƙullin kayanmu a ka.

Na tura baron ta tsakiyar gari daidai lokacin da maza ke fitowa daga masallaci. Suka dare. Mata suka leƙo ta katanga, yadda muka saba. Na wuce har zauren ɗan baffan, na same shi ya zauna a kan buzun babanmu yana jiran masu gaisuwa. Na kifar da baron a gabansa, buhu ɗaya ya hau gefen buzun.

Ya janye ƙafarsa da sauri. Ya ce, “Ke, lahiya?”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ajiya ce ta Malam, dillali na zuwa. Kai ka ce ƙasa ce. Mi ya sa ka janye ƙahwa?”

Ban jira amsarsa ba. Na gyara goyona na bi hanyar kwalbati, inda masu babur ke tsayawa, na ce wa na farko ya kai mu Anka a duba jinin yarinyar.